Manoma, Marina da Maganin Hawan Jini

Ƙwayar amlodipine da mai hawan jini ke sha kullum, abin da ke aiki a cikinta miligiram 5 ne ko 10. Sauran duk ciko ne: garin da ke ba ta jiki, da abin da ke riƙe ta kada ta marmashe, da wanda ke sa ta narke idan ta isa ciki. Ido ba ya raba wannan da wancan, harshe ma haka. Shi kuwa mai ciwon ba shi da hanyar ganewa, domin hawan jini ba zazzaɓi ba ne da mutum zai ce ya sha magani ya ji sauƙi ko bai ji ba. Yana iya shekara yana haɗiyar ƙwayar da rabin magani ne a cikinta, ba zai sani ba sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ya sa ake da wasu ma'aikata da ba a cika ganinsu ba, waɗanda sana'arsu ita ce su daka ƙwayar, su narkar da ita, su faɗi yawan abin da ke ciki. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyinsu, mai arha kuma, ita ce su haska ruwan maganin su ga yawan hasken da ya shanye.

Ƙa'idar ta girmi duk wani maganin hawan jini da ake sha yau. Bafaranshe Pierre Bouguer ne ya fara rubutawa a 1729 cewa haske na raguwa bisa wani tsari idan ya ratsa abu, Johann Heinrich Lambert ya tsara lissafin a 1760, sannan August Beer na Jamus ya nuna a 1852 cewa yawan abin da aka narkar a ruwa ma yana da hannu a ciki. Duk wanda ya taɓa ɗaga kofin gilashi na shayi ya duba ta cikinsa ya san maganar: ganye da yawa, ruwa ya yi duhu, kofi mai faɗi, duhun ya ƙaru. Abin da waɗannan mutum uku suka ƙara shi ne lamba. Idan faɗin mazubin bai canza ba, to ninka sinadari na nufin ninka ma'aunin shan haske, muddin ruwan bai yi kauri da yawa ba.

Har kusan shekara ɗari bayan Beer, idon ɗan Adam ne alƙali. Jules Duboscq, wani maƙerin kayan gilashi a Faris, ya ƙera wata na'ura a tsakiyar ƙarni na 19 mai mazubi biyu, ɗaya na ruwan da aka san ƙarfinsa, ɗaya na wanda ake bincike. Mai awo zai leƙa ta wata 'yar kafa ya ga da'ira da aka raba biyu, ya riƙa murza kunnen na'urar yana rage zurfin ruwa ko ƙara shi har launin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. Da ita Otto Folin ya kafa hanyar auna sinadarin kiriyatinin a fitsari a 1904 a Amurka, kuma daga nan ta bazu a ɗakunan gwajin asibitoci. Sai dai ido yana gajiya. Abin da wannan ya gani daidai, wancan zai ce da saura, kuma awon safe da na yamma ba lallai su zo ɗaya ba ko a wurin mutum guda. Mafi muni, yawancin magunguna idan aka narkar da su ruwa ne garai, ba launin da za a kwatanta.

Lemon tsami ne ya jawo wanda ya warware wannan. Arnold Beckman malamin kimiyyar sinadarai ne a Kalifoniya lokacin da wani tsohon abokin karatunsa mai yi wa manoman lemo aiki ya kawo masa kukan cewa ya rasa abin da zai auna tsamin ruwan lemo da shi. Na'urar da ya haɗa masa a 1934 ita ta zama kamfani. A 1941 kamfanin ya fito da wata na'urar, mai suna DU, wadda Howard Cary ya yi babban aiki a kanta. Tana da fitila, da wani yankakken dutsen kwaz da ke rarraba haske kala-kala, da idon lantarki a madadin na mutum. Ta kuma kai ga hasken UV, wanda ke bayan shuɗi inda ido ba ya gani, kuma a can ne magunguna marasa launi da yawa ke shan haskensu. An fara sayar da ita kan dala 723, aka ci gaba da ƙera ta har 1976, aka sayar da fiye da 30,000.

Kafin zuwanta, mai son sanin yawan bitamin A a cikin man kifi sai ya ciyar da ɓeraye na kimanin mako uku yana auna girmansu. Da DU aikin ya koma na mintuna. Da ita Erwin Chargaff ya auna sinadaran da ke cikin DNA. A farkon shekarun 1950 kuma kamfanin Bausch & Lomb ya fito da Spectronic 20, ƙarama mai sauƙin kuɗi, wadda ɗalibai suka yi ta koyon aiki a kanta shekara da shekaru.

Na'urar DU ta riga magungunan hawan jini zuwa. Lokacin da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, awon jininsa ya kai 300 a kan 190, likitocinsa kuwa ba su da wata ƙwayar kirki da za su ba shi. A 1952 ne masu binciken kamfanin Ciba a Suwizalan suka tace reserpine daga saiwar wani tsiro da masu maganin gargajiya a Indiya suka daɗe da sani. Chlorothiazide ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1950, sai methyldopa, wanda har gobe ake ba mata masu ciki da jininsu ya hau. Kowanne ya shigo, sai an nemo yadda za a auna shi.

Wasu ba sa ba da wahala. Propranolol idan aka narkar da shi a methanol yana shan haske sosai a wajen nanomita 290, atenolol a wajen 275, sai a karanta kai tsaye. Wasu kuwa sai an rina su. Methyldopa idan ya haɗu da gishirin ƙarfe yakan ba da launi mai kama da na ɗanyen jan baki mai duhu, tsakanin ja da shuɗi. Captopril, wanda asalinsa ya faro daga binciken Sérgio Ferreira na Burazil a kan dafin wani maciji, kamfanin Squibb kuma ya haɗa shi a 1975, ba ya shan hasken UV yadda za a dogara da shi, amma yana da ƙibiritu a jikinsa. Idan aka zuba masa sinadarin da George Ellman ya fito da shi a 1959, ruwan zai koma rawaya, a karanta a nanomita 412. Amlodipine da lisinopril kuma suna amsa kiran ninhydrin, sinadarin nan da 'yan sanda ke fesawa a takarda don zanen yatsa ya fito. Akwai kuma dabarar haɗa maganin da wani rini su manne, sannan a janye su cikin kulorofom a auna.

A nan sana'ar take da wuya. Launin ba ya fitowa haka kawai. Ya dogara da yawan sinadarin da aka zuba, da tsamin ruwan, da zafin da aka ba shi, da mintunan da ya yi a kan wuta, da irin ruwan da aka narkar da shi. Al'adar da aka gada ita ce a kama duka a riƙe, a saki ɗaya. Yau a gwada zafi mataki-mataki a zaɓi wanda ya fi, a ɗaure shi. Gobe a gwada lokaci, a ɗaure. Jibi yawan sinadari. Haka aka koya wa kowa a makaranta, kuma a kunne hankali ne tsantsa. Matsalar ita ce abubuwan ba sa aiki kowa shi kaɗai. A zafi kaɗan, ƙarin lokaci na ƙara launi. A zafi mai yawa, wannan ƙarin lokacin na iya ƙona launin ya kode. Wanda ya zaɓi lokacinsa a zafi guda ya samu amsar da ta dace da wannan zafin ne kawai, kuma yana iya gama dukkan gwaje-gwajensa ya tsaya a wani wuri da duk inda ya motsa abu ɗaya launi zai ragu, ya ɗauka ya kai ƙololuwa, alhali da ya motsa biyu tare da ya ga akwai sauran hawa.

Maganin wannan daga gona ya fito. A 1919 tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wadda aka kafa tun 1843, ta ɗauki wani matashin masanin lissafi mai raunin gani, Ronald Fisher, don ya duba tarin bayanan amfanin gona na shekaru da dama. Manomi ba shi da damar gwada abu ɗaya a kowace shekara, don kakar noma sau ɗaya take zuwa, kuma ya san taki a busasshiyar ƙasa daban yake aiki da taki a ƙasa mai laima. Fisher ya nuna a wata maƙala ta 1926, ya kuma faɗaɗa a littafinsa na 1935 kan tsara gwaji, cewa idan aka raba gona kashi-kashi aka canza abubuwa da yawa tare bisa tsari, ana kuma jefa ƙuri'a wajen rabon filayen, to kowane fili zai ba da shaida a kan kowane abu, a kuma ga yadda suke shafar juna. Frank Yates, wanda ya gaje shi a Rothamsted ya kuma sauƙaƙa lissafin, kafin nan ma'aikacin safiyo ne a ƙasar da ake kira Gana a yau.

Yaƙin Duniya na Biyu ya fito da dabarar daga gona. Robin Plackett da J. P. Burman, da suka yi aiki a ma'aikatar samar da kayan yaƙi ta Birtaniya, sun buga wani tsari a 1946 wanda da gwaji 12 kacal za a iya tace abubuwa 11 a gane waɗanda ke da tasiri da waɗanda 'yan rakiya ne.

Amma wanda sunansa ya fi yawo a wannan fage shi ne George Box. An haife shi a 1919, yana karatun sinadarai yaƙi ya katse shi, aka tura shi Porton Down inda sojojin Birtaniya ke gwajin iskar guba a kan dabbobi. Sakamakon da yake samu ya yi ta bambanta, sai ya gaya wa shugabansa suna bukatar masanin ƙididdiga. Babu wanda za a ba su. Da shugaban ya ji cewa Box ya taɓa buɗe littafin Fisher, ko da yake ya ce bai fahimta ba, sai ya ɗora masa aikin. Haka ya koyi ƙididdiga a bakin aiki, bayan yaƙi ya yi digiri a Landan, a 1948 kuma ya shiga kamfanin ICI, sashen haɗa rini da ke Blackley a Mancesta.

Marina na zamani ne waɗannan, masu dafa rini a manyan tukwanen ƙarfe, kuma damuwarsu ita ce yadda za su samu rini mafi yawa daga kayan haɗi iri ɗaya. Box ya lura da wani bambanci tsakaninsu da manoma. Manomi sai ya jira kaka, shi kuwa mai sinadarai yana ganin sakamakonsa yau ko gobe. Saboda haka babu dalilin tsara komai tun farko. A yi 'yan gwaje-gwaje kaɗan a gano ta ina amfani ke ƙaruwa, a bi wannan hanyar, idan hawan ya fara lafawa sai a baza wasu gwaje-gwajen kewaye da wurin a zana siffar tudun duka, a ga ko tsini ne ko doguwar ƙunya ce. Shi da wani masanin sinadarai na kamfanin, K. B. Wilson, suka gabatar da wannan a 1951 a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya. A 1960, shekarar da ya kafa sashen ƙididdiga a jami'ar Wisconsin, shi da Donald Behnken suka fito da wani tsarin da ya fi tsimi. Abu uku a mataki uku-uku, idan za a gwada kowane haɗi, gwaji 27 ne. Tsarin Box da Behnken na yi da 15, uku daga ciki ma maimaici ne na tsakiya don a san girman kuskuren hannu, kuma ba ya tura mai gwaji kusurwar da komai ya kai maƙura, inda ruwa kan ƙone ko sinadari ya lalace. A tsakanin nan, a 1959, Box ya auri Joan, 'yar Fisher.

Wani abin sha'awa shi ne sashen magunguna na ICI daga wannan sashen rinin ya tsiro, tun shekarun 1930, kuma shi ya fito da Paludrine na zazzaɓin cizon sauro a shekarun 1940. Box ya bar kamfanin a 1956. Shekara biyu bayan haka James Black ya shigo, yana neman maganin da zai tare tasirin adirenalin a kan zuciya. Na farkon da suka samu, pronethalol, an yar da shi saboda ya haifar da ƙari a jikin ɓeraye. Na biyun shi ne propranolol, wanda aka fito da shi da sunan Inderal a tsakiyar shekarun 1960 don ciwon ƙirji, sai Brian Prichard, wani likita a Landan, ya nuna cewa yana saukar da hawan jini. Atenolol ya biyo baya daga kamfanin a 1976, Black kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1988. Ke nan ɗalibar da ke zaune yau tana tsara gwaji 15 don auna atenolol, maganin da lissafin duka gida ɗaya suka fito.

Duk da haka haɗuwar tasu ta ɗauki lokaci. Lissafin Box da hannu wahala ne, masu awon magani kuma mutane ne masu riƙon al'ada, da dalilinsu: hanyar da aka rubuta a kundin ƙa'idojin magunguna na Birtaniya ko na Amurka ba a canza ta don wani ya ga dama. Abin da suka fara karɓa shi ne gwajin juriya na W. J. Youden, inda ake ɗan gurgusa abu bakwai a gwaji takwas don a ga ko hanyar za ta jure hannun wani ma'aikaci a wani ɗakin gwaji. A shekarun 1970 Svante Wold na Suwidin da Bruce Kowalski na Amurka suka kafa ƙungiyar masu haɗa lissafi da awon sinadarai. A 1980 Derringer da Suich suka nuna yadda za a sasanta buƙatu masu karo da juna, kamar son launi mai ƙarfi da son gajeren lokaci. Sai da ƙaramar kwamfuta ta hau teburin kowa, da manhajoji irin Minitab da Design-Expert, sannan abin ya zama ruwan dare.

Kafin lokacin, manyan kamfanoni sun riga sun koma wata na'urar, HPLC, wadda ke rarraba sinadarai ɗaya bayan ɗaya kafin ta auna su. Ta fi iya tantancewa nesa ba kusa ba, amma tana da tsada, tana shan ruwan sinadari mai tsafta da ake saye da kuɗin waje, ba ta son ɗaukewar wuta, kuma idan ta lalace mai gyara ba a kusa yake ba. Don haka tsohuwar hanyar haske ta sami sabon gida a jami'o'in Indiya irin su Aligarh da Mysore, da na Masar, da Turkiyya, da Burazil, inda aka yi ta fito da maƙalu kan rina amlodipine, captopril, losartan da 'yan uwansu. A cikinsu akwai aikin ƙwarai. Akwai kuma wanda ado ne kawai: an saka lambobi a manhaja, ta zana tudu mai launi-launi, aka buga, alhali ba a koma ɗakin gwaji an tabbatar cewa ƙololuwar da lissafi ya nuna tana nan ba, ba a kuma gwada ko garin cikon ƙwayar yana shan haske a wuri ɗaya da maganin ba. Box da kansa mutumin ɗakin gwaji ne kafin ya zama na lissafi, kuma dabararsa ta ginu ne a kan komawa a sake gwadawa.

Akwai kuma iyakar da babu lissafin da zai ɗaga. Na'urar haske jimla take gani. Idan magani ya fara lalacewa, abin da ya rikiɗe ya zama kuma yana shan haske kusa da inda uwarsa ke sha, za ta haɗa su ta ba da lamba mai kyau. A watan Yulin 2018 aka fara janye ƙwayoyin valsartan daga kasuwannin Turai da Amurka, bayan an gano cewa garin maganin da kamfanin Zhejiang Huahai na ƙasar Sin ke samarwa na ɗauke da NDMA, sinadarin da ake zargi da jawo ciwon daji, sakamakon canjin da aka yi a hanyar haɗa shi. Yawan valsartan ɗin da ke cikin ƙwayoyin daidai yake. Abin da hukumomi suka yarda mutum ya sha na NDMA a yini bai wuce nanogiram 96 ba, kuma gano irin wannan sai na'urorin da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari ɗaya-ɗaya.

Amma a wurare da yawa tambayar ba ta kai can ba tukuna, ana nan kan ta farko: maganin yana ciki, kuma ya cika? Wani bincike da aka buga a 2017, wanda likitocin zuciya na Afirka da na Faransa suka yi, ya tattara magungunan zuciya da na hawan jini iri bakwai daga kantunan magani da kasuwannin titi a ƙasashe goma, cikinsu har da Nijar, Binin, Burkina Faso da Togo. Cikin samfur 1,530 da aka auna, kashi 16 cikin ɗari ba su cika ƙa'ida ba. Na amlodipine sun kai kashi 29, na captopril kashi 26. An kwashe samfuran ne zuwa Faris aka auna su a can.

Dokar ma ta biyo sawu. Majalisar daidaita ƙa'idojin magunguna ta ICH, wadda Turai, Amurka da Japan suka kafa a 1990, ta fitar da sharuɗɗan tabbatar da hanyar awo a tsakiyar shekarun 1990: a nuna daidaito, a nuna maimaituwar sakamako, a nuna mafi ƙarancin abin da hanyar ke iya gani. A ƙarshen 2023 ta amince da wata sabuwar ƙa'ida mai lamba Q14, wadda ta ba mai ƙirƙiro hanyar awo damar ya gwada abubuwa da yawa tare, ya zana iyakar filin da hanyarsa ke aiki a ciki, ya miƙa wa hukuma wannan taswirar a matsayin hujja. Shekara 72 ke nan bayan maƙalar Box da Wilson.